Shago a Gurbin Zaure: Tsokaci Kan Sabon Ginin Unguwarmu

Duk wanda ya bi layukan unguwarmu a 'yan shekarun nan ya ga yadda fuskar gidaje ke sauyawa. Inda da akwai zaure da dakali, yanzu shago ne mai ƙofar ƙarfe, ko biyu, ko uku. Inda da akwai tsakar gida da bishiyar mangwaro ko darbejiya, yanzu ɗakuna ne a jere, kowanne da banɗakinsa da ɗan kicin a ciki, abin da ake kira sef-kwanten. Wannan gini ya zama yayi, har ya kai idan mutum ya samu kuɗi ya ce zai gyara gidan mahaifinsa, kowa ya san abin da yake nufi: za a rushe, a zuba bulo, a jera ɗakunan haya. Tun da abin ya zama ruwan dare, ya kamata mu tsaya mu auna shi kamar yadda ake auna duk wani aikin hannu. Me ginin nan ya gyara, me ya ɓata, kuma wa ke biyan kuɗin ɓarnar?

Daga ina matsin ya taso?

Sai mu fara da adalci: ba haka kawai mutane suka wayi gari da son ɗakunan haya ba. Ruwa ba ya tsami banza. Keffi tsohon gari ne, Abdu Zanga ya kafa shi tun farkon ƙarni na 19, ya zauna ƙarƙashin Zazzau, kuma ya daɗe yana matsayin zango a hanyar fatake. Amma abin da ya same shi a cikin shekara talatin da suka wuce ya fi abin da ya gani a shekara ɗari kafin nan. A Disambar 1991 gwamnatin tarayya ta ƙaura daga Legas zuwa Abuja, tazarar da ba ta wuce kilomita hamsin da 'yan kai daga nan ba. A Oktoban 1996 aka yanke jihar Nasarawa daga Filato. A 2001 aka yi dokar kafa Jami'ar Jihar Nasarawa, ta fara aiki a Keffi a 2002. Ga kuma Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ma'aikatanta da masu jinya. Daga 2003 zuwa 2007, lokacin da Malam Nasir El-Rufa'i ke ministan Abuja, an yi rusau mai yawa, a 2006 kuma aka hana acaɓa a tsakiyar birnin. Jama'a suka kwararo ta Nyanya da Mararaba da Masaka, igiyar ta iso har nan.

Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Keffi mutum dubu 90 da 'yan kai. Tun daga nan ba a sake ƙidaya ba, amma ba sai an kawo wa mai ido lissafi ba. Duba Angwan Lambu da wajen High Court, inda ɗalibai suka cika, ka tuna yadda wuraren suke kafin zuwan jami'a. Ɗalibi yana neman ɗaki, ma'aikacin da hayar Abuja ta kora yana neman ɗaki, ɗan kasuwa yana neman shago. Mai fili kuwa yana da 'ya'ya a makaranta, fansho ba ya isa, ko kuma marainiya ce ko bazawara da ba ta da wata hanyar shiga sai abin da miji ya bari. Wanda ya ce kada irin waɗannan su ba da haya, bai san halin da ake ciki ba. Saboda haka maganata ba a kan haya take ba. A kan fasalin ginin take.

Abin da kakanninmu suka zo da shi

Mu mutanen wannan unguwa jikokin baƙi ne. Wani kakansa daga Kano ya zo da fataucin tufafi, wani daga Katsina da shanu, wani daga Zariya da allo da tawada, wani daga Sakkwato ko Maraɗi. Akwai abin lura a yadda suka yi gini da suka sauka. Damunar nan ta fi ta Kano tsawo da ruwa, daga Afrilu har Oktoba, don haka soro mai rufin azara da ƙasa yana shan wahala a nan fiye da can. Ba su nace a kan rufin ba. Sun yi jinka, da kwano ya zo suka karɓa, da siminti ya zo suka shafe bango da shi. Abin da suka riƙe gam shi ne tsarin gida: zaure a bakin hanya, sannan fili ko shigifa, sannan cikin gida, ɗakuna na kewaye da tsakar gida, ƙofofi kuma ba sa kallon juna kai tsaye yadda mai wucewa zai hango ciki.

Wannan tsari shi Bahaushe ya ɗauka ya kai ko'ina. A Sabo ta Ibadan, wadda aka keɓe wa Hausawa a 1916, wani masani mai suna Abner Cohen ya yi bincike ya buga littafi a 1969, inda ya nuna cewa cinikin shanu da na goro gaba ɗaya a kan maigida ya tsaya: shi ke saukar da baƙo, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa a ciniki. Haka abin yake a Sabon Zango na Ankara da Malam Baƙo ya kafa, da Zangon Kumasi. A duk wuraren nan, kalmar maigida tana nufin mai masauki, kuma ofishinsa shi ne zaure.

To mu dawo nan. Da wuya ka sami zuri'a a unguwarmu wadda kakanta bai fara kwana a zauren wani ba. A zaure aka tambaye shi daga ina, ɗan wane ne, me ya iya. A nan aka nema masa sana'a, daga baya aka nema masa fili, aka nema masa aure. A zaure ake karatun asuba da na dare, a nan tela ke kafa kekensa, mai ɗinkin hula ya zauna da zarensa, a nan ake raba goron suna, a karɓi gaisuwar mutuwa, a sasanta miji da mata kafin magana ta kai kotu. Ɗaki ɗaya ne, amma aikin da yake yi wa unguwa ya fi na ɗaki goma.

A auna sabon ginin

Yanzu mu shiga sabon gidan mu duba shi da idon basira. Fuloti cikakke ƙafa 50 ne a 100. A cikin tsohuwar unguwa irin tamu ma da wuya a samu cikakken, domin rabon gado ya riga ya tsaga shi. Mai gini ya kira magini, magini ya ja igiya ya ce, "Alhaji, nan ai ɗaki biyu za su fita, asara ce a bar shi haka." Sai a jera ɗakuna hagu da dama, bangon baya ya zauna daidai kan iyaka, a bar lungu a tsakiya, a ɗora tankin ruwa a ƙurya, a zuba kankare a duk abin da ya saura na ƙasa. Gaba kuma shaguna, da ƙaramar ƙofar ƙarfe a gefe.

Abu na farko da ginin ya faɗi a kai shi ne iska. Ɗaki yana shan iska ne idan tana da inda za ta shiga da inda za ta fita. Tun da bangon baya a kan iyaka yake, ba a iya buɗe taga a can, ko kuma a huda wata 'yar kafa da ke kallon bangon maƙwabci. Tagar da ta rage tana gefe ɗaya da ƙofa, tana kallon lungu, kuma mai ɗakin dole ya rufe ta da labule saboda ƙofar ɗan'uwansa na kallonsa. Sama kwano ne, silin roba ne ko na kwali, an yi shi ƙasa-ƙasa don a rage layin bulo biyu. Bulon siminti kuwa siriri ne mai rami, rana tana ratsa shi da wuri. Katangar ƙasa mai kauri tana jinkirta zafi, shi ya sa tsohon ɗaki ke da sanyi da azahar. Wannan ɗakin kuwa tanda ne daga Fabrairu zuwa Afrilu. An gina shi ne bisa zaton akwai fanka da wutar da ba ta ɗaukewa. Mu kuwa mun san halin wutarmu, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, janareta ya zama na wane da wane. A gidan da, idan zafi ya yi tsanani sai a fito da tabarma tsakar gida. A nan ina za a shimfiɗa ta? Kada mu manta kuma, lokacin zafin nan shi ne lokacin sanƙarau, cutar da ke son cunkoso da ɗaki marar iska.

Abu na biyu shi ne ruwa, mai shigowa da mai fita. Ɗaki goma sha biyu masu banɗaki a ciki na nufin masai goma sha biyu masu cin ruwa, duka suna zuba a rami ɗaya. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawarar a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya. To ai tsawon fuloti cikakke gaba ɗaya, ƙafa 100, shi ne kusan mita 30 ɗin. Ke nan duk inda ka haƙa sokawe a cikin unguwa mai cunkoso, ko dai kana kusa da rijiyarka, ko kana kusa da ta maƙwabcinka. Yawanci ma a bakin iyaka ake haƙawa, ba tare da an leƙa an ga abin da ke bayan katangar ba. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama sama da mutum dubu 100 a Nijeriya, ta kashe sama da dubu 3, kuma hanyarta ita ce ruwan sha da ya haɗu da najasa. Wannan ba labarin wata ƙasa ba ne.

Sannan ga kankaren da aka malale tsakar gida da shi. Ruwan sama da da yake nutsewa a ƙasa, ya ciyar da rijiya, yanzu ba ya samun wurin shiga. Daga kwano sai bututu, daga bututu sai layi. Gida ɗaya ba komai, amma idan gida ashirin suka yi haka, layin ya zama rafi, ya zaizaye tushen tsofaffin katangu, ya shiga ɗakin wanda ke gangare, kafin ya tattara leda da shara ya nufi Antau. Mai sabon gida yana cikin ɗakinsa a bushe, talakan da ke ƙasa da shi yana kwalfar ruwa da tsakar dare. Da rani kuma labarin ya juye: mai hali ya haƙa bohol mai zurfi, mai tsohuwar rijiya ya ga tasa tana ja baya, ya koma sayen jarka wajen 'yan ga-ruwa.

Abu na uku shi ne sutura, kuma a nan mata ne ke ɗaukar nauyin. Tsakar gida ita ce ma'aikatar mace. A nan take surfe da daka, ta soya ƙosai da awara, ta yi ƙuli-ƙuli, ta yi kitso, ta kiwata 'yan kajinta da akuyarta, ta shanya wanki, idonta na kan yara. Kuɗin adashi da kayan ɗakin 'ya'ya mata da yawa daga wannan fili suka fito. Idan maigida ya yanka tsakar gida ya yi ɗakunan haya, ya tura iyalinsa ciki da falo a ƙurya, to ya rufe wa matarsa shago don ya buɗe nasa. Kuɗin hayar aljihunsa za su shiga, ita kuwa sana'arta ta mutu, kuma da wuya a tambaye ta kafin a kira magini. Ga shi ƙofa ɗaya ce ita da samarin da ke haya, sai ta yi shiri kamar mai zuwa unguwa kafin ta ɗebo ruwa a cikin gidanta. Wanda ya ɗora bene kuma, tagoginsa na kallon tsakar gidan maƙwabta, ya hana matan gida uku sakewa.

Wannan matsala ta taga ba sabuwa ba ce. A ƙarni na 14 an yi wani magini a Tunis mai suna Ibn al-Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba rigingimun gini, ya kuma rubuta littafi a kan hukuncin Malikiyya game da su: tagar da ke leƙa gidan wani, indararon da ke zuba a kan maƙwabci, ƙofar da aka buɗe tana kallon ƙofar wani, masai kusa da bango ko rijiya. Mazhabar da muke bi ke nan. Malamanmu suna da abin faɗa a kan gini, mu ne muka daina tambayarsu.

Abu na huɗu shi ne zauren da aka mayar shago. Ku lura da abin da ya biyo baya. Baƙo ya yi sallama, sai a tsaya da shi a titi, ko a shigar da shi falo har tsakiyar iyali. An yi rasuwa, sai a tare hanya da rumfa da kujerun haya. Samari ba su da wurin zama kusa da idon manya, sai majalisa a bakin kwalbati ko gidan kallon ƙwallo. Ɗan'uwa ya zo daga Katsina jinyar mahaifiyarsa a asibitin tarayya, ya kwana a barandar asibiti, alhali a garin akwai 'yan garinsu fiye da a ƙirga. Shi kuma mai haya, tsakaninsa da mai gidan sai ejan. Ya biya kuɗin shekara, da na ejan, da na yarjejeniya, ya karɓi makulli. Babu wanda ya tambaye shi ɗan wane ne, babu kuma wanda zai tsaya masa ranar da ya shiga matsala. Ranar da abu ya ɓace a layi, sai a ce ai baƙin nan ne. Wa ya karɓe su, wa ya san su, da za a ce sun lalace? Maigida ya zama landilod, kuma ba abu ɗaya ba ne.

Tsohon gida ma yana da nasa laifin

Kada wani ya ɗauka ina cewa a koma ginin jiya yadda yake. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san wahalarsa. Yaɓe duk shekara, gara a cikin azara, bango ya jiƙe ya faɗi a watan Agusta, wani lokaci a kan mutane. Ɗakunan da yawa duhu ne, tagar kamar ta kurkuku. Masai ɗaya ga mutum talatin, shi ma sau da yawa kusa da rijiya. Amarya ba ta da sirri, komai nata a idon uwar miji da matan 'yan'uwa. Yarinyar da ta zo karatu jami'a ta ce tana son ɗaki mai banɗaki a ciki don kada ta fita tsakar dare, tana da gaskiya. Tayil ya fi daɓe sauƙin wankewa, ƙofar ƙarfe ta fi asabari tsaro. A nan sabon gini ya ci nasara, kuma a yaba masa.

Inda ya gaza shi ne, ya gyara cikin ɗaki ya ɓata duk abin da ke wajen ɗaki. Tsohon magini yana fara tunani daga fili: ina rana ke faɗowa, ina ruwa zai bi, ina mata za su zauna, ina baƙo zai tsaya, sannan ya sa ɗakuna a gefe. Sabon yana farawa daga adadin ɗaki, abin da ya rage shi ne fili. Shi ya sa ribar ke zuwa wa mutum ɗaya, asarar kuwa a raba ta tsakanin matarsa da 'yan hayarsa da maƙwabtansa.

Ko ta fuskar kyau ma akwai magana. Ƙasar da ta haifi Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830 da bakan gizon da har yau masana gini ke zuwa kallo, yanzu abin adonta shi ne ginshiƙin siminti na kwaikwayo a bakin ƙofa, da dogon rufi mai tsini wanda ya ci katako da kuɗi amma ba kowa a cikinsa sai jemage. A kashe kuɗi a kan rufin da za a gani daga titi, a rage siminti a bulon da zai riƙe shi. Tun da buhun siminti ya haura naira dubu 10 a farkon 2024, ana matsa wa buhu ɗaya ya fitar da bulo fiye da ƙima, har ka ga bulon da ake murƙushewa da hannu. A kan irin wannan ne wasu ke ɗora bene.

Akwai wata hanyar?

Akwai, kuma ba daga Turai ba. A Yamai, wata mai zanen gine-gine 'yar Nijar, Mariam Kamara, tare da abokan aikinta, sun gina rukunin gidaje da aka sa wa suna Niamey 2000, aka kammala a 2016. Gidaje ne a matse a ƙaramin fili, masu bene, amma da bulon ƙasa da aka danne da inji, kowanne da 'yar tsakar gidansa da hanyar iska. Ita ce kuma, tare da Yasaman Esmaili, ta yi aikin masallaci da ɗakin karatu na Dandaji a jihar Tawa, ƙasar Hausa ce tsantsa. A Burkina Faso, Francis Kere ya gina makarantar ƙauyensu Gando da ƙasa, ya ɗaga kwanon sama da silin don zafi ya fice ta tsakani, kuma a 2022 ya karɓi Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini ta duniya. Ban kawo su don mu kwaikwaye su layi-layi ba. Na kawo su ne don a san cewa cunkoson birni bai wajabta ɗaki marar iska ba, kuma ƙasa ba alamar talauci ba ce.

A matakinmu na unguwa, abubuwan da ake buƙata ƙanana ne. Mai gini ya janye bangon baya ƙafa uku ko huɗu daga iyaka, kowane ɗaki ya samu taga gaba da baya. Ya ƙara layin bulo biyu a tsawo. Ya jera ɗakuna a gefe biyu ko uku ya bar fili na gaske a tsakiya, ya bar masa ƙasa ko tsakuwa maimakon kankare, ya dasa bishiya ko da ɗaya ce. Idan iyalinsa na ciki, ya raba ƙofarsu da ta 'yan haya. Idan bene ne, tagar da ke kallon maƙwabta a ɗaga ta sama da tsayin mutum. Kafin a haƙa sokawe, a zagaya a tambayi maƙwabta ina rijiyarsu take. A gaba kuma, idan wurin shago uku ne, a yi biyu a bar na ukun zaure, ko da ƙafa goma a goma ne.

Na san abin da za a ce: "Malam, ɗaki biyu ka cire mini cikin sha huɗu." Haka ne, kashi ɗaya cikin bakwai na kuɗin haya ke nan. Amma a sa wannan a ma'auni da kuɗin yashe sokawe, da rigimar maƙwabta, da ɗan hayar da ke tashi da zarar ya samu inda ya fi iska, da ranar da jami'a za ta ƙara ɗakunan kwana ko ɗalibai su koma wata sabuwar unguwa. Gidan da ke da tsakar gida, idan ɗalibai suka tafi iyali za su shiga. Jerin ɗakuna a lungu kuwa, ba mai aure da yara huɗu da zai zauna a ciki da son ransa.

Sai batun gado, wanda shi ne tushen yawancin wannan yanke-yanke. Shari'a ta faɗi rabon kowa, amma ba ta ce dole sai an ja igiya an tsaga gida har ya zama ba ya zaunuwa ba. Ana iya yi wa gida kuɗi wani ya sayi rabon sauran, ana iya barinsa a dunƙule a riƙa raba abin da ya kawo bisa rabon kowa, a rubuce, da shaidu. Gida ɗaya da aka raba shida, kowa ya ja katangarsa ya haƙa raminsa, ya zama kurkuku shida. Malamai da masu rabon gado su riƙa faɗa wa magada wannan zaɓi tun kafin a kira mai awo.

Hukuma ma tana da nata. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar birni a hannun gwamna, dokar tsara birane ta 1992 ta wajabta neman izini kafin gini, kuma jiharmu tana da hukumar raya birane da hukumar NAGIS mai kula da takardun fili. Amma jami'in da ke ofis ba zai san inda rijiyar gidan wane take ba. Mai unguwa ya sani, liman ya sani, tsofaffin magina sun sani. Me zai hana mu mayar da shi al'ada, duk wanda zai rushe ya sake gini a unguwar nan, ya zauna da mai unguwa da maƙwabtansa na hagu da dama da baya kafin a sa diga? Zama ne na rabin awa bayan la'asar. Kuma tun da zaurukan sun ragu, kwamitocin masallatai su duba yiwuwar ɗakin baƙi ɗaya ko biyu, musamman saboda masu zuwa jinya. Su kuma masu ba da haya, su daina barin komai a hannun ejan: ka san wanda ke kwana a gidanka, ka gabatar da shi ga mai unguwa, ka gaya masa ladabin layin, ko Bahaushe ne ko Eggon ko Tibi ko Ibo. Haka aka yi wa kakanninmu a garin nan.

Iyayenmu mata, ku ma ku yi magana tun ana jan igiya, domin bayan an zuba kankare sai haƙuri. Magina kuma, ku ji tsoron Allah ku riƙa faɗa wa mai gini gaskiya ko da za ta rage muku kwanakin aiki. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Har yanzu akwai gidaje a unguwar nan da zaurensu ke tsaye, kuma yawancinsu suna hannun dattawan da magadansu suka riga suka fara lissafin shago nawa za su fita. Da waɗannan magada ya kamata a fara zama, tun iyayen suna raye.

Allah Ya ba mu zama lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa mu gama da duniya lafiya.